Ni Na Cire Fankar, Yayana Aka Kira Ɓarawo

Edita, ina yi maka sallama tare da duk masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina girgiza kai kamar ni wani na kirki ne, to yau ga nawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da sunan ƙauyenmu, domin akwai mutanen da labarin ya shafa waɗanda ban nemi izininsu ba.

A shekarun farko na dawowar mulkin farar hula, lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Rano. Asalinmu wani ƙaramin ƙauye ne a gefen Kahu, cikin ƙasar Kibiya. Ni kaɗai ne na yi boko mai zurfi a gidanmu, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Idan na je gida hutu, biro biyu nake sokewa a aljihun gaba, ko da gona za ni. Saboda bokon nan aka ba ni sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu, dattawa na zaune ina yi musu bayani da hannu kamar mai ba da hannu a titi. Yayana kuwa, wanda nake bi, firamare kawai ya yi. Mutum ne marar yawan magana, ya yi shekaru yana bin manyan motoci har ya zama direba, sannan ya dawo gida saboda mahaifinmu ya fara manyanta. A raina ina ƙaunarsa, amma gaskiya ina yi masa kallon wanda bai san komai ba sai murza sitiyari.

A wannan lokacin ne wani ɗan siyasa ya kawo wa makarantarmu tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo, aka ba ni makullin ɗakinsu tunda ni ne malamin lissafi. A cikin ɗaya daga cikinsu na tarar da wani tsohon wasan tseren motoci da mai ita na farko ya bari. Hotunansa ma ba su da kyau, motocin kamar kwalin ashana. Motoci biyu ne ke tsayawa a kan miƙaƙƙen titi, fitila ta sauya daga ja zuwa kore, ku fizga, cikin 'yan daƙiƙu an gama. Babu kwana, babu gargada, babu komai. Daɗin wasan ba a tseren yake ba, yana garejin da ke cikinsa. A nan za ka buɗe motarka ka sauya giya, ka sauya taya, ka ƙara wa kafireto mai, ka cire duk abin da ke da nauyi ko yake cin ƙarfin inji, sannan ka koma titi ka ga ko ka rage rabin daƙiƙa. Ga mai son lissafi, wannan ya fi zuma. Na sami wani littafin rubutu na musamman ina rubuta duk gyaran da na yi da sakamakonsa. Abin dariya, a daidai wannan lokacin ina cikin masu yi wa samarin gari wa'azi a kan zaman gidajen kallo da ɓata lokaci, alhali da an tashi makaranta sai in kulle kaina a ɗakin kwamfuta, in ce ina shirya darasi, in yi ta tsere har man janareta ya ƙare.

Kafin zangon karatu ya ƙare na cinye duk direbobin da ke cikin wasan, kaina ya kumbura. Na fara tsayawa a garejin bakanikai a Rano ina gyara musu zance. Su yi murmushi su ce Malam ke nan, ni kuma in ɗauka yabo ne.

Ƙauyenmu yana da mota guda ɗaya ta jama'a. Manoma ne suka haɗa amfanin gona bayan kaka biyu, wannan buhun masara, wancan tiyar gyaɗa, aka sayar aka sayi wata tsohuwar doguwar mota, irin wadda ake kwantar da kujerar baya. Aikinta ɗaya ne, kai marar lafiya asibiti a Rano. Ba a zuwa kasuwa da ita, ba a kai amarya da ita. Yayana aka damƙa wa makullinta, kuma yana riƙe ta kamar 'yarsa. Kullum da safe sai ya buɗe bonet ya duba ruwa da baƙin mai, domin allurar da ke nuna zafin inji ta mutu tun kafin a sayo motar, idonsa da hancinsa su ne allurarsa. Mahaifinmu yana alfahari da wannan amana fiye da yadda yake alfahari da takardun makarantata, abin da ke ɗan sosa mini rai ko da ban taɓa faɗa ba.

Da aka yi dogon hutu na damina na koma gida. Babu lantarki, babu kwamfuta, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Ana nan sai aka yi wa surukin yayana rasuwa a wani gari mai nisa, ya shirya tafiyar kwana huɗu a motar haya. Ya ba ni makullin ya ce in riƙa tayar da ita kowace safiya in bar ta ta ɗumama, idan an sami marar lafiya in kira wani tsohon direba da ke maƙwabtaka ya ja. Ya ƙara da cewa kada in taɓa komai. Na ce masa to, ina jin haushin wannan kalma ta ƙarshe.

Washegari da sassafe na ja motar ni kaɗai zuwa bakin kwalta, na tsaya ƙarƙashin wata tsamiya, na ɗauko sifanun yayana da littafina. A wasan na koyi cewa fankar da ke hura wa lagireto iska tana cin ƙarfin inji, cire ta yana ƙara gudu. Na kwance ta. Na cire matatar iska don injin ya sha iska son ransa, na murɗa kafireto na ƙara mai. Da na hau kwalta na taka totur, wallahi motar nan ta yi wata ƙara ta zabura kamar ba ita ba. Na yi ta kaiwa da komowa a wani ɗan miƙaƙƙen wuri ina duba agogon hannuna, ina dariya ni kaɗai. Abin da ban sani ba, kuma ƙaramin bakanike ma ya sani, shi ne mota idan tana gudu a kwalta iskar hanya ce ke sanyaya ta, shi ya sa ban ga komai ba. Fanka an yi ta ne don lokacin da mota ke rarrafe. A wasan kuwa tsere yana ƙarewa kafin inji ya yi zafi. Na dawo gida da sanyin safiya, na tura fankar da matatar ƙarƙashin gadona, da niyyar in nuna wa yayana bambancin idan ya dawo, in ga yadda zai buɗe baki.

Kwana biyu aka yi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyarmu ta zama taɓo. Ranar da yayana ya dawo, wajen hantsi ne, ko takalmi bai cire ba aka shigo da gudu ana salati. Malamin da ya koya mana karatun allo ni da shi, dattijo mai makaranta a ƙauyenmu, yana cire ciyawa a gonarsa ta fadama macijiya kasa ta sare shi a ƙafa. Yayana ya karɓi makullin, ya tambaye ni ko na duba ruwa da mai yau. Na ce lafiya lau take. A lokacin nan da na buɗe baki, mayar da fankar ba zai wuce minti goma sha biyar ba. Amma mutane sun cika ƙofar gida, ga mahaifinmu a tsaye, sai na ji ba zan iya cewa na taɓa abin da aka ce kada in taɓa ba. Na gaya wa kaina ai gudu ma za ta ƙara yi, za mu riga lokaci isa. Na shiga gaba, muka tafi.

Muka ɗauko Malam a bakin fadama, babban ɗansa, magidanci ne, ya tallafe shi a baya. Ƙafar ta riga ta fara kumbura, Malam yana ta ambaton Allah a hankali. Hanya kuwa ba ta barin a wuce giya ta ɗaya, motar na nishi a cikin taɓo, tayoyi na juyawa a wuri ɗaya kafin su kama. Ba mu yi rabin hanyar zuwa kwalta ba na ga yayana yana shinshina iska. Kafin ya gama faɗin cewa yana jin ƙauri, sai tururi ya turnuƙe daga gaba, injin ya yi wani irin ƙara kamar ana dukan ƙarfe, motar ta mutu. Ya fita ya ɗaga bonet, ni da ɗan Malam muka bi shi. Da tururin ya lafa sai ga wurin fanka fayau. Yayana ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ɗago ya dube ni. Ya sauke bonet ɗin a hankali, ya tattare rigarsa ya kama gudu cikin taɓo neman abin hawa. Wannan kallon, Edita, har yau idan na tuna shi sai abinci ya fita raina.

A wancan zamanin wayar hannu ba ta iso wajenmu ba. Na zauna a gefen mota ina yi wa Malam fifita da littafin nan nawa na lissafin tsere, domin shi kaɗai ne a aljihuna. Malam yana ganin hawayena ya ɗauka tausayinsa ne, har yana rarrashina yana sa mini albarka. Azahar ta yi ta wuce. Sai dab da la'asar yayana ya dawo da wani ɗan acaɓa mutumin Rurum da ya tare a bakin kwalta. Aka ɗora Malam a tsakiya, ɗansa ya riƙe shi ta baya, ƙafar na reto. Malam ya rayu, amma bayan kwanaki ƙafar ta ruɓe, aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Likita ya gaya wa iyalinsa cewa jinkirin ya yi yawa. Ko da an isa da wuri za a ceci ƙafar, ko ba za a cece ta ba, Allah kaɗai ya sani. Na sha fakewa da wannan magana, ba ta taɓa ba ni barci mai daɗi ba.

Aka jawo motar da shanun huɗa zuwa gida, aka kira bakanike daga Rano. Ya ce inji ya buga, kuma wani ne ya kwance fanka da matatar iska da hannunsa, ba faɗuwa suka yi ba. Ɗan Malam ya ce shi ma ya gani da idonsa. Nan take magana ta zagaya gari cewa direba ya sayar da kayan motar jama'a ya yi guzurin tafiya. Aka sa ranar zama a ƙofar gidan mai unguwa. Da asubar ranar, maimakon in ɗauki fankar da matatar in kai gaban dattawa, sai na naɗe su a buhu na jefa a tsakiyar kududdufin bayan gari. Na yi wanka, na sa farar riga, na ɗauki littafin ƙungiya na tafi, tunda ni ne sakatare.

Aka tambayi yayana ina kayan suke. Ya ce bai sayar da komai ba. Aka tambaye shi to wa ya cire. Na sunkuyar da kai ina jiran sunana. Sai na ji ya ce mota a hannunsa aka ba da ita, kuma shi ne ya fita da ita bai buɗe bonet ba, don haka duk abin da ya faru laifinsa ne. Aka juya shi ta kowace fuska, bai ƙara ko kalma ba. Babu wanda ya yi tunanina, wa zai zargi malamin makaranta da sifana? Mahaifinmu ya miƙe, ya ce a gaban kowa ɗansa ya zubar masa da mutuncin da ya yi shekara sittin yana tarawa. Aka yanke cewa a karɓi makulli, kuma a rubuta cewa an cire shi saboda cin amana. Mai unguwa ya juyo ya ce sakatare ya rubuta. Ni na rubuta, da hannuna, da kyakkyawan rubutun nan da ake yabona a kansa. Har aka ce in karanta wa jama'a, na karanta.

Daga ranar mahaifinmu bai ƙara cin abinci a kwano ɗaya da yayana ba. Idan ya gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri. A majalisa aka laƙaba masa ɓarawon fanka, matarsa ta daina zuwa rijiya sai rana ta take, lokacin da babu kowa. Muna gida ɗaya da shi, muna haɗuwa a zaure, bai taɓa tambayata ba, ni kuma ban taɓa tsayawa mun haɗa ido ba. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, bari Malam ya warke, bari zuciyar Baba ta huce, bari hutu ya ƙare. Da aka gama girbi ya kwashi iyalinsa ya tafi kudu jan babbar mota. Ni na koma Rano. Wasan kuwa ko sau ɗaya ban ƙara buɗe shi ba, na goge shi daga kwamfutar, na ɗauka hakan wata tuba ce. Tuba mai arha ke nan, wadda ba ta ci mini komai ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Na yi aure, na sami ƙarin girma, har na zama mataimakin shugaban makaranta. Duk lokacin da na je gida sai in ga Malam yana dogara sanda zuwa masallaci, in durƙusa in gaishe shi, ya tambayi iyali. Yayana yana aiko wa iyayenmu da saƙo duk sallah, Inna ta karɓa, Baba ya ce a ajiye can. Da ciwon ajali ya kama mahaifinmu ni ne a gefensa a asibiti. Wata rana da yamma ya kama hannuna ya ce Allah ya yi mini albarka, ni ne ɗan da bai taɓa sa shi sunkuyar da kai a cikin mutane ba. Ya ce ya yafe wa yayana, amma abin ya tsaya masa a rai. Saura kaɗan in faɗa masa gaskiya. Na dubi yadda ya rame, na ce wa kaina kada in tayar masa da hankali a wannan hali. Ƙarya nake yi, kaina nake ji. Ba na so kallon da yake yi mini ya sauya. Bayan kwana uku ya rasu. Yayana yana kan hanya mai nisa, ko jana'iza bai samu ba.

Sai da aka shekara da rasuwar na iya zuwa wurin Malam. Na same shi a zaure a kan buzunsa, na zayyana masa komai ina kuka kamar ba magidanci ba. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce ƙafa dai an rubuta ranar rabuwarsa da ita tun kafin a haife ni, ya yafe mini duniya da lahira. Amma ya ce abin da na ci ba nasa ba ne, mutuncin ɗan'uwana ne, kuma ba shi da ikon yafe hakkin wani. Ya ce a gaban jama'a na karanta waccan takarda, a gaban jama'a zan je in warware ta. Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallaci na faɗi komai. Na yi zaton za a yi mini ca. Wasu dattawa suka yi salati, wasu suka ce Allah ya kyauta. Mai unguwar da ya sa ni rubutu ya daɗe da rasuwa, samari kuwa suna tambayar juna wace mota ake nufi. Na riƙe magana har ta kai lokacin da rabin masu jin ta ba su san abin da take nufi ba.

Da yamma na kira yayana a waya. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ai ya sani tun lokacin da ya ɗaga bonet, wa ya bar wa makulli in ba ni ba. Ya ce ya yi shiru ne saboda ina da aikin gwamnati da suna, ya ga idan abin ya faɗo kaina ba zan iya ɗauka ba, kuma ya ɗauka kwana biyu ko uku zan je in gaya wa Baba da kaina a cikin gida, shi ke nan ya ishe shi. Ya ce ya yi ta jira. Sannan ya tambaye ni abu ɗaya, ko Baba ya ji gaskiyar kafin ya cika. Na ce a'a. Daga baya ya ce ya yafe mini, in gaida Inna, ya ajiye. Muna gaisawa yanzu, yana tambayar yarana da sunayensu, amma bai dawo gida da zama ba, ni kuma ba ni da bakin da zan ce ya dawo.

Ban rubuto don in zagi wasan kwamfuta ba. Wasan bai yi mini ƙarya ba, abin da ya koya mini daidai ne a kan ɗan gajeren titinsa. Ni ne na ɗauki ilimin da ban taɓa gwada shi a kan ƙarfe ba na ɗora a kan amanar gari guda, don kawai in nuna wa wanda ya fi ni sani cewa na fi shi. Ina jan kunnen 'yan'uwana masu ɗan karatu, musamman yanzu da kowa ke koyon komai a waya: abin da aka ba ka ajiya ba wurin gwaji ba ne, kuma mutumin da ya yi shekaru yana aiki da hannunsa, idan ya ce kada ka taɓa, tambaye shi dalili kafin ka raina shi. Amma babban abin da nake so a ɗauka a labarina ya wuce wannan. Kuskuren cire fanka na safiya ɗaya ne, shirun da na yi kuwa kullum sai na sake zaɓarsa, shekara da shekaru. Duk wanda ya san wani yana ɗauke da laifinsa, ya tashi yau ya faɗa, kada ya jira zuciya ta huce ko lokaci ya dace. Ni na faɗi tawa gaskiyar a gaban gari guda, amma mutum ɗayan da yayana yake so ya ji ta, mun riga mun kai shi makwancinsa.